Ciwon da Mama Ta Ce Kada Mai Sola Ya Ji

Kafin ku fara yi min faɗa a ƙasan rubutun nan, bari in faɗa da bakina: na yi ƙarya. Sati bakwai cur ina yi wa mutumin da nake so ƙarya, kullum da sabon salo, har na zama gwana. Amma ku ji yadda aka yi tukuna, sannan kowa ya yanke hukuncinsa.

Ni malamar ajin ƙananan yara ce, 'yan shekara uku zuwa huɗu. Wanda bai taɓa aikin ba ɗauka yake waƙa da tafi ne kawai. Kujerun ajina ba su kai gwiwata ba, teburan ma haka, don haka a sunkuye nake yini: ɗaure igiyar takalmi, share hanci, ɗaga wannan, sauke wancan. Duk wanda ya fara kuka kuwa wurinsa ɗaya ne, kwankwasona na hagu. Shekara huɗu ina haka ban taɓa jin komai ba.

Wata Talata, ana tashi tara, wata 'yar ajina ta haye kan dakalin baranda tana rawa a bakinsa. Na ruga na cafko ta, na juyo da ita a jikina, sai ƙafata ta kuskure matakala. Na dira a kan ƙafar hagu da nauyina da nata gaba ɗaya. Ita dariya ma ta yi. Ni kuwa ji na yi kamar an soka min ƙusa mai zafi a ƙasan baya, gefen hagu, daidai ɗan lotsawar nan da ke saman mazaunai.

Na ce zai wuce. Bai wuce ba. Tashi daga kujera ya zama aiki. Hawa bene sai na riƙe bango. In zan juya a kan gado sai na tattaro numfashi tukuna. Zafin yakan sauka ta bayan cinya ya tsaya kafin gwiwa. Kafin sati ya zagayo na fara ɗingishi, kuma Mama ce ta fara gani.

Yanzu bari in gaya muku wane ne Mai Sola. Shi ne ya zo ya haɗa mana wutar sola a makaranta. Na karɓi lambarsa don in batir ya yi gardama in kira, na ajiye ta da wannan sunan, kuma har yau ban canza ba. Dogo ne, siriri, da gilashin da ya naɗe ƙafarsa ɗaya da baƙin salatif ɗin waya. A hankali yake magana, kamar yana auna kowace kalma da mita. Wata takwas muna tare. Ya gaisa da Baba, Baba ya yaba da shi. Abin da ya rage shi ne Yayarsa ta zo ta gan ni, domin ita ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu, kuma maganarta ce magana a gidansu.

Ranar da Mama ta ga ɗingishin, ɗaki ta ja ni ta rufe ƙofa. Gwaggo, ƙanwar Baba, tana zaune a bakin gado tana warware zaren saƙarta.

“Yaron nan ya sani?” in ji Mama.

“A'a, Mama. Dama yau nake so in gaya masa.”

“Kul! Kada in ji, kada in gani.”

Gwaggo ta ajiye zaren. “Ke yarinya ce har yanzu. Mace mai ciwon ƙugu? Kafin maganar ta je kunne na uku an ce ba za ki iya ɗaukar ciki ba. Kafin ta je na biyar an ce ma a keke ake tura ki.”

Kada ku ga laifin Mama da sauri. Yayata ta taɓa faɗuwa a wurin aiki sau ɗaya tak, jininta ne ya yi ƙasa. Labari ya je gidan wanda zai aure ta ya zama wani abu dabam, mutumin ya daina ɗaga waya. Yaya ta yi wata uku ba ta cin abincin kirki. Yanzu tana gidan mijinta da 'ya'ya biyu, ta ma manta da shi, amma Mama ba ta manta ba. Ina kallon idonta a ranar na ga tsoro ne zalla. Sai na ce to.

Gwaggo ta gwada nata: man zafi, tawul da ruwan ɗumi, har da cewa in kwanta jikarta ta taka min baya. Wannan kam na ce Gwaggo ki yi min rai. Na je asibiti, likita ya duba, aka yi hoto, ya ce ƙashi lafiya, ya tura ni sashen gashin ƙashi.

A can na haɗu da matar da kowa ke kira Anti. Gajeriya ce, ba ta kai kafaɗata ba, amma hannunta kamar na mai kwaɓa siminti. Ɗakin nata gadaje uku ne masu labule, da manyan ƙwallayen roba a lungu, da igiyoyin roba masu launi rataye a ƙusa. Ta ce in nuna mata inda ke ciwo da yatsa ɗaya. Na nuna. Ta gyaɗa kai kamar ta ga tsohuwar ƙawa. Ta kwantar da ni, ta lanƙwasa ƙafata ta ɗora idon sawun a kan ɗaya gwiwar, ta danna a hankali. Na ce wayyo Allah. Ta juya ni gefe ta danna ƙashin kwankwaso. Na sake cewa wayyo.

Ta ɗauko wani ƙashin roba daga kan tebur. “Kin ga nan? Nan ne ƙarshen ƙashin baya ya haɗu da ƙashin ƙugu. Mahaɗa biyu ce, dama da hagu. Motsinta kaɗan ne, amma duk nauyin jikinki ta nan yake bi ya sauka ƙafa. Taki ta hagu ce ta ji jiki, naman da ke kewaye da ita kuma ya ɗaure don ya kare ta.”

Na yi ta juya tambayar a bakina, da ƙyar ta fito. “Anti, yana hana haihuwa?”

Ta kalle ni ta saman gilashi. “Wa ya gaya miki?”

“Gwaggona.”

“Ki gaishe min da Gwaggo, ki ce ba ruwansa da mahaifa. In ciki ya zo yana iya motsawa, domin a lokacin jijiyoyin wurin suna saki, amma muna lallaɓa shi. Rabin matan da ke layin nan da goyo suka zo.”

Wallahi ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba. Ta miƙo min tishu, ta ce in kwanta mu fara.

Sau biyu a sati nake zuwa, bayan an tashi makaranta. Takan fara da hannu: ta murza naman da ya ɗaure har in ji kamar in tashi in gudu, sannan ta dafa ƙashin tana ɗan tura shi tana saki, a hankali, kamar mai lallashin ƙofar da ta ƙi buɗuwa. Wani lokacin ta riƙe gwiwata ta ce in tura hannunta, ta ƙirga biyar, in saki. In na tashi sai in ji ƙafar ta yi sauƙi kamar an sauke min kaya.

“Kada ki yi murna da yawa,” in ji ta. “Hannuna buɗe hanya kawai yake yi. Ke za ki riƙe ta a buɗe.”

Ta rubuta min aikin gida kamar yadda nake rubuta wa yarana. In kwanta rigingine in ɗaga ƙugu sama kamar gada, sau goma. In matse filo tsakanin gwiwoyi. In kwanta gefe in buɗe gwiwar sama da igiyar roba a ɗaure. In jawo gwiwa zuwa ƙirji. Ta ba ni wata ɗamara mai faɗi da ake ɗaurawa a ƙasan ƙugu. Ta kafa dokoki: ba ɗaukar yaro a kwankwaso, ba tsayuwa a kan ƙafa ɗaya, ba harɗe ƙafa, ba doguwar zama a ƙasa, ba takalmi mai tsini. Ta kuma koya min yadda zan tashi in ciwon ya kama ni a ƙasa: in mirgina gefe, in durƙusa a kan hannu da gwiwa, in dafa wani abu, sannan in miƙe.

A gida kuwa kallo na zama. Da safe ina kan tabarma ina ɗaga ƙugu, Gwaggo za ta leƙo ta ce, “Yau ma gadar ake ginawa? Yaushe motoci za su fara wucewa?” Baba kuwa, wata rana na dawo na tarar ya sa kafinta ya ƙara wa kujerata tsawo.

Ga kuma wayata tana ta haske da saƙonnin Mai Sola.

“Malama, in zo mu ɗan taka zuwa bakin titi da yamma?”

“Ayya, muna da taron malamai.”

“Jiya na wuce makarantarku ƙarfe uku, mai gadi ya ce kin fita tun biyu.”

“Na raka wata ƙawata asibiti ne.”

“Allah ya ba ta lafiya. Ke dai lafiyarki ƙalau?”

“Ƙalau nake.”

In ya zo gida, kafin ya shigo na riga na zauna a falo, ba kuma na tashi sai ya fita. Da can har bakin ƙofa nake raka shi. Na lura yana kallona yana gyara gilashi, amma bai taɓa matsa min ba. Wata rana ya turo: “In akwai abin da na yi, ki faɗa min. Ni na fi gane waya in ta tsinke a fili, ta cikin bango ce take ba ni wahala.” Na rubuta masa gaskiya tsaf, layi shida, na karanta, na goge. Na tura masa hoton fure.

A sati na bakwai na samu sauƙi sosai. Ɗingishin ya kusa tafiya, ina hawa bene ba riƙe bango. Sai ga saƙo: Yayarsa za ta zo ranar Asabar da la'asar.

Mama ta juye gidan. An wanke labule, an goge fanka, an fito da kofunan nan masu bakin zinare da ba a taɓa su sai da dalili. Ta ciro min doguwar riga ruwan zuma, mai kama jiki daga ƙirji zuwa gwiwa, da mayafi mai ɗan ɗinkin azurfa a baki. Na sa, na tsaya gaban madubi. Ɗamarar ta fito ƙarara ta ƙarƙashin rigar, kamar na ɗaura taya.

“Cire ta,” in ji Mama.

“Mama, Anti ta ce in zan daɗe…”

“Awa ɗaya ce fa. Ki yi min wannan, 'yar nan.”

Na cire. Gwaggo ta turo min takalmi mai tsini da ƙafa, ta ce rigar ta yi min tsawo. Na sa.

Yayar tasa ta zo ita kaɗai. Doguwa ce kamarsa, fuska ba yabo ba fallasa, da baƙar jaka a kan cinya da ta riƙe da hannu biyu. Na shigo da tiren shayi, takalmin yana girgiza min ƙugu a kowane taku. Kujerata mai tsawo tana nan a gefe, amma Gwaggo ta yi min ido, ta nuna kafet. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafar baƙuwa, na tanƙwashe ƙafafu gefe ɗaya kamar 'yar kirki.

Matar tana da daɗin hira, abin da ban zata ba. Ta tambaye ni aikina, ta yi dariya da na ba ta labarin yaran. Ta ba mu labarin yadda ƙaninta ya kwance rediyon gidansu yana ɗan shekara tara, ya mayar ya bar kusoshi huɗu a hannu. Awa ɗaya ta wuce. Ƙusar nan ta dawo. Awa ɗaya da rabi, zufa ta fara bin bayana, ina murmushi ina danne leɓe. Na so in gyara zama, na ji ƙugun ya riƙe gam.

Ta duba agogo ta miƙe. “To, bari in kama hanya. Taso ki raka ni, ƙanwata.”

Na dafa ƙasa na yunƙura. Wani zafi ya tsarga min daga ƙugu har bayan cinya, na koma na zauna. Na sake gwadawa. Ko motsi.

“Ƙafarta ce ta yi sanyi,” Mama ta faɗa da sauri. “Zaman ne ya yi yawa.”

“Yaran yanzu ba ƙwari,” Gwaggo ta ƙara da wata dariya da ba ta kai ciki ba.

Na kalli Mama, na kalli hannun da baƙuwar ta miƙo min. Na san in ta ja ni ta wannan hannun sai na yi ihu. A raina na ce yau dai ƙarya ta ƙare. Na tuɓe takalman. A gaban matar da nake so ta ɗauke ni surukar kirki, cikin rigata ruwan zuma, na mirgina gefe, na durƙusa a kan hannu da gwiwa kamar mai rarrafe, na dafa hannun kujera, na miƙe a hankali. Mayafin ya zame ya faɗi.

“Yaya,” na ce, “ba sanyi ƙafata ta yi ba. Ciwon mahaɗar ƙugu nake yi, sati bakwai ke nan. Ina zuwa asibiti ana yi min gashi, ina motsa jiki, kuma ina samun sauƙi. Likitar ta ce ba ya hana komai. Yau ne na karya dokokinta.”

Ta sunkuya ta ɗauko mayafin, ta kakkaɓe, ta yafa min da hannunta.

“Ya sani?”

“Bai sani ba.”

Ta dube ni da kyau. Sannan ta ce, “Allah ya ƙara sauƙi. Zauna, ba sai kin raka ni ba.” Ta yi wa su Mama sallama ta fita.

Mama ta zauna a inda take tsaye ta rufe fuska da gefen mayafinta. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ji na yi tana cewa, “Ni na sa ki cire abin nan. Ni na sa.” Ita ta ɗauko ɗamarar ta ɗaura min. Gwaggo ta kwashe kofuna ba ta ce ƙala ba, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni.

Kafin magariba na tura masa komai, ban goge ko harafi ba. Alamar ya karanta ta fito nan take. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya. Daga nan shiru. Lahadi shiru. Na duba wayar nan har ta yi zafi a hannuna.

Ran Litinin na je wurin Anti ina jan ƙafa. Ta taɓa wurin sau ɗaya ta ce, “Me kika yi?” Na gaya mata. Ta ce an koma baya kaɗan, amma ba daga farko za a fara ba, domin naman ya riga ya yi ƙarfi. Ta yi aikinta, na tura hannunta, ta ƙirga biyar ɗinta. Na ji dama-dama.

Ina fitowa na gan shi. Yana zaune a bencin baranda tsakanin wani tsoho mai sanda da wata mai goyo, cikin rigar aikinsa mai ƙurar rufin kwano, jakar kayan aiki a tsakanin ƙafafunsa. Mama ce ta gaya masa inda nake, daga baya na ji. Ita da kanta ta kira shi.

Ya miƙe ya ba ni wurinsa. Na ce tsayuwa ta fi min. Muka matsa jikin taga.

“Kin san abin da na yi ta tunani sati bakwai?” ya ce. “Na ɗauka wani ne ya fito. Har na fara koya wa kaina yadda zan yi miki fatan alheri.”

“Ka yi haƙuri. Tsoro na ji.”

“Tsorona?”

Na mayar da idona kan taga.

Ya cire gilashin ya goge da gefen riga. “Yaya ta ce kin burge ta. Ta kuma ce a ɗan dakata. Ba don ƙugun ba, ita ma da nata ciwon gwiwar take yawo. Cewa ta yi, wadda ta iya zama awa biyu cikin azaba tana murmushi, yaushe za ka san ranar da take kuka a gidanka? Ni kan rufin mutane nake hawa kullum, Malama. In na faɗo gobe, so kike in ɓoye miki?”

“A'a.”

“To.”

Daidai nan Anti ta leƙo da takardar aikin gidana da na manta a kan gado, ta miƙo min. Ta kalle ni, ta kalli dogon mutumin da ke gabana, daga gilashi har takalmi.

“Dama ina neman wanda zai riƙa tsare min ita ta yi gadarta, ya kuma ɓoye takalman nan masu tsini,” ta ce. “Malam, kai wane ne a wurinta?”

Ya mayar da gilashinsa. Bai kalle ta ba, ni ya kalla.

“Ki tambaye ta, Anti,” ya ce a hankali. “Ni ma abin da na zo ji ke nan.”

Tsohon mai sanda ya gyara zama. Mai goyon ta daina jijjiga ɗanta. Anti ta naɗe hannu a ƙirji, alamar ba inda za ta. Baranda guda ta zuba min ido, ni kuma ina tsaye da takarda a hannu, kowa na jiran amsata.